Wane Ne Ubangidan Mai Keke Ranar Da Ya Karye?

A wannan mako ina so mu bar manya da rigimar kujerunsu, mu sauko bakin titi, domin wani abu da na gani da idona a Bukan Sidi, nan garin Lafiya, ya hana ni sakat.

Akwai wani saurayi mai tuƙa Keke Napep wanda ya saba ɗaukata daga bakin hanyar Jos zuwa cikin gari. Yaro ne mai ladabi, ba ya rigimar canji, ba ya kuma gudun ganganci. Kwana da kwanaki ban gan shi ba, sai na tambayi abokan sana'arsa, suka ce ai wata mota ce ta buge shi da magariba, yana can gida a kwance. Da na je gaishe shi na tarar maɗori ya ɗaure masa ƙafa. Bayan na yi masa sannu sai na tambayi labarin keken. Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai mai shi ya aiko an ɗauka." Keken dai na bashi ne, irin wanda ake biya mako-mako har a cika kuɗin da aka yanka, sa'an nan ya zama na direba. Ya biya fiye da shekara guda, saura 'yan watanni ya kammala. Da ya yi mako uku bai kai kuɗi ba, mai keke ya gyara abinsa ya miƙa wa wani. Babu ko guntun takarda tsakaninsu, magana ce ta baki da baki, sai wani dattijo da ya tsaya masa tun farko, shi kuwa dattijon nauyin mai keke yake ji.

Ban kawo wannan labari don in zagi mai keken ba, mai yiwuwa shi ma bashi ya ci ya sayo shi, ana kuma binsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan tambaya: a idon doka, wane ne ubangidan wannan yaro? Kullum garin Allah ya waye yana da masu ba shi umurni. Mai keke yana jiran kuɗinsa, 'yan ƙungiya suna jiran na tikiti, ma'aikatan haraji da na hanya kowa yana da abin da yake karɓa. Amma ranar da ƙafa ta karye, duk waɗannan babu wanda doka ta ɗora wa ko kuɗin allura guda.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar mutum ɗaya ce. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2023 da 2024 ta nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna cin abinci ne a wajen tsarin aikin da hukuma ta sani, watau ba su da takardar ɗaukar aiki, balle fansho da garatuti. Wanda ya fito da sassafe a Lafiya zai ga wannan ƙididdiga tana tafiya da ƙafafunta: lebura da shebur da kwanon sarki yana jiran mai gini, ɗan dako yana jiran motar doya ko ta riɗi, ɗan ga-ruwa da kurarsa, ɗan acaɓa a bakin mahaɗa. Tun da aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato a ranar 1 ga Oktoba 1996, garin ya zama hedkwata, kana aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, gine-gine da zirga-zirga sun ninka, kuma irin waɗannan mutane ne suka ɗauki nauyin ninkin a wuyansu. Amma tun daga zamanin Udoji a 1974 har zuwa yau, duk wata gardamar albashi da ta taɓa girgiza ƙasar nan gardama ce ta 'yan tsirarun da ake biya a ƙarshen wata.

A 'yan shekarun nan masana ilmin tattalin arziki a ƙasashen Turai da Amurka sun duƙufa suna rubuce-rubuce a kan abin da suke gani sabo ne, watau mutum ya yi aiki a biya shi a kan kowane guda da ya yi, ba tare da kowa ya ɗauke shi aiki ba. Har sun laƙaba masa suna. Mu kuwa a nan sunansa jinga tun kaka da kakanni, ɗan'uwan ƙwadago. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda talakan da rumbunsa ya ƙare yakan bar gonarsa da damina ya tafi ƙwadago a ta mai hali, da haka talaucinsa ke ƙara zurfi. A wajejen wannan lokaci ne Keith Hart ya bi 'yan ci-rani a unguwar Nima ta birnin Ankara, ya ga mutanen da littattafan gwamnati suka rubuta ba su da aikin yi alhali kuwa tun asuba suke aiki. Abin da ya sa maganar ta taso wa Turawa yanzu shi ne jinga ta shigo musu gida ta cikin wayar salula.

Kamfanin Uber ya sauka Ikko a 2014, Taxify wanda yanzu ake kira Bolt ya biyo baya a 2016. Direba ya zo da mota, ya sayi mai, ya yi gyara. Kamfani shi ke yanka kuɗin tafiya, shi ke haɗa direba da fasinja, ya cire la'adarsa, kamar ɗaya bisa biyar ko ɗaya bisa huɗu, kuma yana iya rufe wa direba manhaja dare ɗaya. Duk da haka kamfanin cewa yake shi dillali ne kurum, direba kuwa mai zaman kansa ne. Wasu direbobi biyu sun kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa suna neman a ce su ma'aikata ne. A Disamba 2018 Mai Shari'a Benedict Kanyip ya kori ƙarar saboda ba su kawo isassun hujjoji ba, ko da yake bai rufe ƙofa ga wanda zai zo da hujja nan gaba ba. A Ingila kuwa, ranar 19 ga Fabrairu 2021, Kotun Ƙoli ta yanke wa Uber hukunci cewa direbobinsa sun cancanci mafi ƙanƙantar lada da kuɗin hutu. Dalilin alƙalan a fili yake: wanda ke yanka farashi, ya rubuta sharuɗɗa shi kaɗai, ya hukunta wanda ya ƙi ɗaukar fasinja, ya kuma sa ido a kan aikin ta hanyar makin da fasinja ke bayarwa, to ubangida ne, ko da ya kira kansa da wani suna. Tarayyar Turai ta kafa doka mai kama da wannan a 2024, kuma a taronta na Yuni 2025 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a tsara yarjejeniya a kan irin wannan aiki. A nan gida ma an yi wa ƙungiyar direbobin manhaja rajista a 2023.

To, da na karanta hukuncin Ingila sai na ce bari in gwada shi a kan yaronmu na Bukan Sidi. Abin baƙin ciki, bai hau ba. Mai keke ba ya yanka masa kuɗin fasinja, ba ya gaya masa ya bi hanyar Shendam ko ta Makurɗi ko ta Doma, bai ma san ƙarfe nawa ya fito ba. Abin da ya sani kawai balas ɗinsa. Lauya mai wayo zai tashi ya ce wannan ai ɗan haya ne ko mai sayen kaya bashi, kuma da wuya alƙali ya ƙi maganarsa. Saboda haka masu cewa mu kwafo dokar Turai mu huta, ina ganin ba su tsaya sun dubi titinmu da kyau ba.

A nan ne wani reshe na ilmin tattalin arziki yake da amfani, reshen da ba ya tsayawa kan farashi kaɗai, yana bin diddigin ƙa'idoji da al'adu da hukumomin da ciniki ke gudana a cikinsu. Wani shaihun malami Bature, Ronald Coase, ya yi wata tambaya a 1937 wadda ta yi kama da ta yara, amma ita ce ta kai shi ga lambar Nobel a 1991. Ya ce, in dai kasuwa ta iya daidaita kome, don me ake ɗaukar mutum aiki na dindindin? Me zai hana kowace safiya a fita a yi jinga da wanda aka samu? Amsarsa ita ce shiga kasuwa kanta tana da tsada. Neman mutum, gane ko ya iya, yin ciniki da shi, tabbatar da ya cika alkawari, duk suna cin lokaci da kuɗi. Inda wannan tsada ta yi yawa sai a ɗauki ma'aikaci a riƙa ba shi umurni. Inda ta yi sauƙi sai a koma jinga.

Mu ɗora wannan a kan keke. Don me mai keke ba ya biyan direba albashi? Don ba ya ganin abin da ke shiga aljihun direba. In ya ce a kawo masa duk cinikin yini ya biya albashi a ƙarshen wata, to ya shiga uku, kullum sai a ce masa yau babu kasuwa. In ya ce a raba riba, rigimar lissafi ba za ta ƙare ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya yanka adadi guda, ko ruwa ko iska a kawo masa. Sa'an nan da aka lura direban balas ba ya tausayin keken da ba nasa ba, sai aka ƙirƙiro sayarwa bashi, domin wanda ya san abin zai zama nasa ba ya faɗa wa rami da gangan. Dabara ce mai kyau, kuma ta mai da samari da yawa masu abin kansu, wannan ba a musu. Illarta ita ce ta tattara duk wata kasada ta jibga wa wanda ya fi kowa rauni. Ranar ruwan sama tasa ce, ranar zazzaɓi tasa ce. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce N1,000 a ƙarshen 2024, balas bai ragu da ko kwabo ba don wannan dalili. Direba ne ya tsaya gaban fasinja yana shan zagi.

Mai keke dai yana da ɗan uzuri, tun da ba ya gani. Kamfanin manhaja kuwa yana ganin kome, ya san inda mota take a kowane minti, ya san kowace naira da ta shiga. Matsalar da ta haifi balas, na'ura ta warware masa ita, amma duk da haka ya zaɓi ya bar kasadar a wuyan direba. Wannan ya nuna mini ba rashin gani kaɗai ke sa a yi haka ba, har da rashin wanda zai hana. Ya kamata mu riƙe wannan, domin na'urar bin sawu da ake maƙala wa babura da kekunan bashi ta riga ta shigo ƙasar nan, har akwai wadda ake kashe inji da ita daga nesa idan biya ya yi jinkiri. Mai keken gobe zai ga kome, uzurinsa zai ƙare, kuma in ba a yi tanadi ba halinsa ba zai sake ba.

A da can ba haka abin yake ba, ko da yake ba na cikin masu cewa kome na da zuma ne. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Badun ya buga littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake cinikin shanu da goro na dubban fam bashi, ba banki ba takarda. Abin da ya riƙe cinikin shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙo, shi ke tsaya wa mai saye, yaransa kuwa shi ke ci da su, ya yi musu aure, ya tsaya musu ranar ciwo. In ya ci amana, labari zai kai Kano kafin ya kai ƙofar gidansa, kuma Sarkin Sabo yana nan. Barantaka tana da ɗacinta, bara ba ya da bakin musu, wani ma yakan tsufa a zauren wani. Amma biyayya da ɗawainiya tare suke tafiya. Douglass North, wanda shi ma ya sami Nobel a 1993, ya yi bayanin cewa ƙa'idojin da ba a rubuta ba sukan yi aiki ne inda mutane suka san juna kuma za su sake haɗuwa, da gari ya girma ya cika da baƙi sai ƙarfinsu ya ragu. Haka ta faru da mu. A tashar keke guda a Lafiya za ka sami Eggon da Alago da Gwandara da Tibi da Bahaushe da Babarbare, wani jiya ya zo garin. Kunyar da ke hana maigidan da ya yar da yaronsa ba ta da inda za ta kama. Mun riƙe rabin barantaka, watau biyayyar, mun yar da ɗaya rabin.

Abin mamaki, littattafan da almajiranmu ke karantawa a zaure sun daɗe da tsefe wannan magana. Wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin ya wuce ta babin ciniki, inda aka bambanta ijara da ji'ala da haya da ƙiradi, kowanne da hukuncin wanda asara ke hawa kansa. A ƙiradi, in dukiya ta halaka ba da sakacin mai juyawa ba, asarar mai dukiya ce, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Wanda ya yi hayar abu ya lalace a hannunsa ba da gangancinsa ba, ba a ɗora masa ramuwa. Kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu. Malamai sun fi ni sanin hukuncin cinikin da ya haɗa haya da saye a ƙulli guda, wanda in ka gama biya ya zama saye, in ka gaza ya rikiɗe ya zama haya, duk abin da ka zuba ya bi ruwa. Ina roƙonsu su dube shi su yi wa jama'a bayani a kan mumbari, haka ma limaman coci, don yawancin masu kekunan nan suna sahun gaba a wuraren ibada.

Dokar ƙasa fa? A takarda ta fi yadda ake zato faɗi. Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 21 ta 1974, ta ce ma'aikaci ya haɗa da wanda ya ƙulla yarjejeniya ko da ta baki ce, kuma ta wajabta wa ubangida ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci na wucin gadi da ɗan koyo da wanda ke aiki a wajen tsarin hukuma, ta ce ubangida ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi. Amma dubi inda gizo ke saƙa. Kashi ɗaya na albashi, ga wanda ba shi da albashi, nawa ke nan? Dokar mafi ƙanƙantar albashi kuwa, tun daga N125 na zamanin Shagari a 1981 har zuwa N70,000 na 2024, kullum tana da ƙofar baya. A yau ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin kamasho da na jinga, ta cire ƙwadagon gona na damina. Watau ta cire Bukan Sidi kusan baki ɗaya. Inshorar dole da ake yanka wa abin hawa ita ma wanda aka buge take biya, ba ta san mai tuƙi ba. An ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu a Maris 2019, amma wanda ke lissafin abincin dare da wuya ya yi lissafin shekara sittin. Dukan waɗannan dokoki an ɗinka su ne a jikin ma'aikacin reluwe da na masaƙar Kaduna, mai ubangida ɗaya da ranar biya ɗaya.

Sai dai kada gwamnati ta ce ba ta san mai keke ba. Ta san shi sarai ranar karɓa. A Fabrairu 2021 'yan Adaidaita Sahu a Kano sun ajiye aiki saboda harajin N100 na kullum da hukumar KAROTA ke karɓa, mutanen birni suka wayi gari suna taka sayyada, ba a ɗauki kwanaki ba aka zauna sulhu. Ta kuma san shi ranar kora. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, a manyan sassan Ikko a Fabrairu 2020, inda har kamfanonin babura masu manhaja irin su Gokada suka durƙushe. Kowace hani tana da dalilinta na tsaro ko na haɗari, ban raina ba. Amma wanda aka kora ba ya ɓacewa, gaba yake yi da bashinsa, kuma mu mutanen Nasarawa mun ga inda na Abuja suka sauka, a Mararraba da Masaka. Hukumar da ta iya ƙirga mutum kowace safiya don ta karɓi kuɗinsa ba ta da hujjar cewa ya ɓace mata ranar da ya kwanta.

Ni a ganina daga nan gyara zai fara, daga wannan tikiti. A farkon ƙarnin da ya wuce ma'aikacin masana'anta a Amurka in inji ya cinye masa hannu sai ya je kotu ya tabbatar da laifin ubangida, abin da talaka ba ya iyawa. John Commons na Jami'ar Wisconsin da almajiransa suna cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa a daina neman mai laifi, a ɗauki rauni a matsayin ɗaya daga cikin tsadar sana'a, kamar mai da taya, a tara kuɗinsa tun kafin ya auku. Jihar Wisconsin ta kafa dokar diyya a kan wannan tushe a 1911. Mu da ba mu da littafin albashi, muna da tikitin kullum, wanda ya riga ya isa hannun kowane direba. A ware wani yanki sananne daga cikinsa, a buga shi a jikin takardar kowa ya gani, a ɗora wani yanki a kan mai keke lokacin sabunta takardun abin hawa, a zuba a asusun jinya da diyya. Jihar tana da hukumar inshorar lafiya, ba sai an gina sabon ofis da sababbin motoci ba. Kada dai a ce za a ƙara kuɗin tikitin, a cikin wanda ake karɓa yanzu za a yanka.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuɗi a hannun wa? Gaskiyarka. Ƙungiyoyin tasha suna da aikin da suke yi wanda ba a yaba musu. Su ke tsara layi, su ke raba faɗa, su ke karɓo ɗan'uwa daga ofishin 'yan sanda, sau da yawa su ke yin karo-karo ranar rasuwa. Amma direba nawa ne ya taɓa ganin lissafin abin da aka tara da sunansa? Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami Nobel a wannan fanni a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin manoma da masunta masu tafiyar da dukiyar tarayya da kansu. Ta gano irin wannan tsari yana ɗorewa ne inda waɗanda ƙa'ida ta shafa suke da baki wajen kafa ta, masu tsaron asusu suke amsa tambayar 'yan'uwansu, horo yake farawa daga ƙarami, kuma akwai wurin sulhu na kusa mai araha. Matanmu masu adashi sun san wannan ba tare da sun je jami'a ba, uwar adashin da ta ɓoye lissafi zagaye ɗaya take yi. In ƙungiya tana son a damƙa mata amanar asusu, to ta yarda a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, a kuma yi zaɓe na gaskiya.

Ba na goyon bayan a tilasta wa mai keke biyan albashi. Da yawansu malaman makaranta ne, ko gwauruwar da ta sa kuɗin gadon marayu, ko ɗan fansho mai keke ɗaya tak. In aka matsa musu za su sayar su sayi fili, samari su koma zaman kashe wando. Abin da ya wajaba a kansu shi ne takarda. Shafi guda ya isa, da Hausa ko da harshen da direba ke ji, a gaban mai unguwa da wakilin ƙungiya, kowa ya riƙe kwafi. A rubuta jimlar kuɗi da adadin makonni. A rubuta hukuncin ranar da keke ke gareji da ranar da direba ke kwance da shaidar asibiti. Uwa uba a rubuta cewa in aka karɓe keke daga wanda ya biya rabi ko fiye, za a kimanta shi a mayar masa da haƙƙinsa, ko a ba shi dama ya kawo ɗan'uwansa ya riƙe masa tuƙi har ya warke. Majalisar Dokokin Jiha tana iya yin wannan a doka mai sashe kaɗan, ƙaramar hukuma ma tana iya sa shi cikin sharuɗɗan ba da lamba. Allah kuma ya ba garin nan Sarki wanda ya zauna a Kotun Ƙoli ta Nijeriya kafin ya hau gadon sarauta a 2019, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad. In fada ta umurci masu unguwanni kada su sa hannu a cinikin keke sai da irin wannan takarda, ina tsammanin za ta bazu kafin majalisa ta gama karatu na biyu.

Shekaranjiya na sake komawa wurin yaron. Ya fara taka ƙafar da sanda. Dattijon da ya tsaya masa ya daure ya je ya sami mai keke, an ce ya yi alkawarin zai duba ya ba shi wani abu, ba a dai faɗi ko nawa ba, ba a kuma sa rana ba. Na tambaye shi abin da zai yi in ya warke. Ya ce, "Baba, akwai wani Alhaji da ya ce zai ba ni sabo in fara biya daga farko." Na ce masa ranar da za a ƙulla maganar ya aiko a kira ni, zan zo da takarda da alƙalami.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.